Shamuwa Na Sallama, Baƙin Arewa Na Sauka

A ƙasar Sae Sabuwa, cikin gundumar Gidan Rumji, watan Satumba wata ne da hankalin kowa ke gona. Hatsi ya nuna. Wake ya fara bushewa. Magidanta na gyaran rumbu. Yara na tsaron gona da gwangwani da majajjawa. Ruwan sama ya fara ja da baya, amma tabkuna da kududdufai cike suke har baki.

A wannan lokaci akwai abin kallo da mutane da yawa ke wucewa ba su lura ba. Duk wanda ya yi sammako ya je bakin tabki zai tarar da taro kamar ranar kasuwa. Taron tsuntsaye ne. Waɗansu ƴan gari ne. Waɗansu baƙi ne masu shirin tafiya. Waɗansu kuma saukarsu ke nan, bayan tafiyar da ta fi nisan Maraɗi zuwa Makka.

Wannan taro ya shafi manomi, ya shafi makiyayi. Cikinsa akwai masu taimako, akwai mai ɓarna. Wanda bai san bambancinsu ba yana iya kashe ɗan ƙwadagonsa da hannunsa.

INDA RUWA KE KWANCIYA

Gulabe biyu ne suka ratsa jihar Maraɗi. Na farko shi ne Gulbin Maraɗi. Yana tasowa daga ƙasar Katsina cikin Nijeriya. Yana bi ta Madarunfa, da Maraɗi, da Tibiri, da Gidan Rumji, sannan ya koma Nijeriya ya haɗu da gulbin Rima. Ba ya gudu sai da damina. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Jibiya, ruwan da ke malala cikin fadamarsa ya ragu.

Na biyu shi ne Gulbin Kaba, wanda ya bi ta Gazawa da Mayahi. Sunansa ya fito daga kaba da goruba da suka cika kwarinsa. Shi kam ya daɗe da daina gudu mai ƙarfi. Sai dai da damina ruwa kan kwanta jefi-jefi a cikin kwarin.

Tsakanin gulaben nan biyu ƙasar jigawa ce. Nan ne Sae Sabuwa take, da garuruwa masu yawa na gundumar Agye. Ruwansu na sarari shi ne tabkin damina da kududdufin da ake haƙar ƙasar gini. Waɗansu ba sa wuce wata 2 bayan ɗaukewar ruwa. Waɗansu kan kai tsakiyar ɗari.

Babban tabkin jihar kuwa shi ne na Madarunfa. Yana kudu da Maraɗi, nisansa bai wuce kilomita 25 ba. Masunta na kama tarwaɗa da karfasa a cikinsa. A gefensa ne kushewun waliyyai 99 suke, inda jama'a ke zuwa ziyara. Idan ƙananan tabkuna suka ƙafe, tsuntsayen ruwa da yawa can suke komawa.

ƳAN GARI

Wanda ya isa bakin tabki da asuba, kafin ya ga komi zai fara jin fito daga sama. Fito ne siriri, sau uku a jere. Kirinjijiya ce. Ita agwagwar daji ce mai farar fuska da dogon wuya. Da dare take yawan kiwo. Da damina take yin ƙwai cikin ciyawa, don haka a watan Satumba akan gan ta da ƴaƴanta a bayanta.

Kusa da ita akwai dinya. Babu agwagwar daji da ta kai ta girma a duk Afirka. Namijin kan kai kilo 5 ko fiye. Tana da ƙaho mai tsini a gwiwar fiffike, da shi take faɗa. Akwai kuma dani, wanda namijinsa ke da baƙin ƙullutu a kan baki.

Zalɓe na tsaye cikin ruwa shi kaɗai, kamar an kafa sanda. Ba ya motsi sai kifi ko kwaɗo ya matso. Jinjimi na caka lanƙwasasshen bakinsa cikin taɓo. Zakaran ƙeƙuwa shi ne mai gadin wurin. Da ya hango mutum ko kare sai ya tashi da kuwwa, kowa ya ɗaga kai.

Balbela kuwa abokiyar makiyayi ce. Da dare sukan kwana a kan itacen bakin ruwa, itacen ya yi fari kamar an shanya tufafi. Da safe su bi garke. Duk inda saniya ta taka, fara da ƙwari na tashi, balbela na cafkewa. Ba ta cin hatsi. Ba ta cin dawa.

Akwai wadda aka daina gani. Ita ce gauraka, wadda waɗansu ke kira kumare, mai tukku kamar zinariya. Tsofaffi sun san kukanta a fadamu. Yau samari da yawa ba su taɓa ganinta a daji ba. Fadamun da take ƙwai sun zama gonaki. An kuma yi ta kama ta ana sayar wa masu hali don ado a cikin gida. A Nijeriya ma, inda ake ɗaukarta tsuntsuwar ƙasa, ta kusa ƙarewa.

SHAMUWA NA ƊAURE KAYA

Babu yaron ƙauye da bai san shamuwa ba. Baƙa ce mai farin ciki. Takan iso cikin watan Mayu, kafin ruwan shuka ko tare da shi. Ganinta na farko albishir ne. Manomi kan je ya duba irinsa. Tana yin sheƙa a tsakiyar gari, kan tsamiya, ko kuka, ko gawo, ko bedi. Tana yin ƙwai 2 ko 3. Tun kaka da kakanni ba a jifarta, ba a taɓa ƙwanta.

Wannan al'ada tana da amfani a gona. Abincin shamuwa fara ne da tsutsa. Lokacin da take ciyar da ƴaƴanta shi ne lokacin da ƴaƴan fara ke ƙyanƙyashewa suna cin shuka. Masana sun bi diddigin abincinta a gabashin Nijar. Sun tarar fara ce mafi yawa a ciki, har da irin farar nan da ke cin zangarniyar hatsi tun tana ɗanya.

A watan Satumba ƴaƴan sun yi fiffike. Shamuwoyi na barin sheƙa, suna taruwa garke-garke a bakin tabki da cikin makiyaya. Suna ci ne don guzuri. Daga ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba sai a wayi gari babu su.

Ina suke zuwa? A farkon shekarun 2000 waɗansu masana daga ƙasar Danmark suka ɗaura wa ƴan shamuwoyi ƙananan na'urori a nan Nijar. Na'urorin na nuna inda tsuntsu yake. Shamuwoyin suka yi kudu maso gabas har ƙasar Tanzaniya, kusa da babban tabkin Biktoriya. Ɗaya ta zarce har Zimbabuwe. A can damina ke farawa lokacin da ta nan ke ƙarewa. Ashe shamuwa damina take bi, fara take bi. Da bazara ta yi, sai su juyo gida.

BAƘIN AREWA

Shamuwa ba ta gama ɗaure kaya ba, waɗansu baƙin sun fara sauka. Su daga arewa suke, daga ƙasashen Turai da Rasha. A can sanyi na shigowa cikin watan Oktoba. Ruwa na daskarewa ya zama ƙanƙara. Ƙwari na mutuwa. Tsuntsun da bai tashi ba yunwa ce za ta kashe shi.

Hanyarsu ba sauƙi. Sai sun ƙetare Bahar Rum. Sai sun ƙetare hamadar Sahara, wadda faɗinta ya kai kilomita 1.500 ko fiye. Kafin su tashi sukan ci su yi kitse, kitsen nan shi ne guzurinsu. Masana sun ƙiyasta cewa ƙananan tsuntsaye kusan miliyan dubu 2 ke yin wannan tafiya kowace kaka. Da yawa na mutuwa a hanya. Waɗanda suka tsira, ruwan farko da koren itace na farko da suke samu suna cikin ƙasashe irin Nijar.

Ga kaɗan daga cikinsu, yadda mai kallo zai gane su.

Akwai ƙaramar agwagwa, ba ta kai kirinjijiya girma ba. Launinta ƙasa-ƙasa ne, tashinta da sauri. Kafin su koma, namijin kan fitar da farin zane daga ido zuwa ƙeya. Dubbansu na yin ɗari a tabkin Cadi, da fadamun Haɗeja da Nguru, da ƙasar Mali. Kaɗan kan yada zango a tabkunan jihar Maraɗi.

Akwai ƙananan tsuntsaye masu dogayen ƙafafu da siririn baki. Suna gudu a bakin ruwa suna tsintar tsutsa cikin taɓo. Waɗansu na kaɗa gindi sama da ƙasa in sun tsaya.

Akwai wani ɗan tsuntsu mai rawayan ciki da doguwar wutsiya. Makiyaya sun san shi, don yana yawo tsakanin ƙafafun shanu da tumaki yana kama ƙuda. Nauyinsa bai wuce na goro ɗaya ba. Amma da wannan ɗan jiki ya ƙetare teku da hamada.

Akwai tsattsewar Turai mai jan maƙogwaro da wutsiya mai reshe biyu. Da maraice sukan yi ta shawagi bisa ruwa suna kama sauro da ƙwari. Akwai kuma babbar shamuwar Turai. Ita fara ce, da baƙin fiffike, da jan baki, da jajayen ƙafafu. Ita ma fara take ci.

MASHI A WUYA, ZOBE A ƘAFA

Mutanen Turai sun daɗe ba su san inda tsuntsayensu ke zuwa da ɗari ba. Waɗansu ma cewa suke tsattsewa cikin taɓo take shiga ta yi barci. A shekarar 1822, a ƙasar Jamus, aka harbo wata farar shamuwa. Sai aka ga mashi soke a wuyanta, irin na mafarautan Afirka. An jefe ta a nan, ba ta mutu ba, ta tashi da mashin har gida. Har yanzu tana ajiye a jami'ar birnin Rostok.

A shekarar 1899 wani malamin lekol a Danmark ya fara sa wa tsuntsaye zobe a ƙafa. A jikin zoben akwai lamba da adireshi. Yau ƙasashe da yawa na yin haka. Idan aka tsinci tsuntsu mai zobe a wata ƙasa, lambar ce ke nuna inda ya fito da shekarunsa.

Irin wannan zobe kan faɗo hannun mafarauta da yara a ƙasar Hausa. Ba laya ba ne, ba kuma kayan leƙen asiri ba ne. Ƙarfe ne mara nauyi, ba shi da kuɗi a kasuwa. Darajarsa tana cikin rubutun da ke jikinsa.

Lissafin tsuntsaye ya taɓa kai labarin wahalar Sahel har Ingila. A shekarar 1969 masu ƙidaya a can suka ga wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro bai komo ba. Fiye da kashi 2 cikin 3 sun ɓata. Da aka bincika, sai aka gane ruwa ne ya yi ƙaranci a ƙasashen Sahel a daminar 1968. Tsuntsun bai samu guzurin komawa ba. Bayan ƴan shekaru sai ga babban fari na 1973 da 1974, wanda ya kashe bisashe ya kori mutane daga gidajensu. Abin da ya fara taɓa tsuntsu, shi ne daga baya ya taɓa mutum.

MAI LAIFI: JAN BAKI

Gaskiya ɗaya ce. Ba duk tsuntsun bakin tabki ne abokin manomi ba. Jan baki ɗan ƙarami ne, amma taronsa kamar hadari yake. Asalin abincinsa ƙwayar ciyawa ne. In ya samu hatsi ko dawa a tsaye, garke ɗaya kan share gona cikin ƴan kwanaki. Yana son kwana cikin ƙaya ko ciyawar da ke kusa da ruwa. Manomin da ya kwana uku yana kuwwa a gona, yana da dalilin fushi.

Amma wake ɗaya kada ya ɓata gari. Waɗansu kan sare duk itatuwan bakin tabki don jan baki ya rasa wurin kwana. Jan baki sai ya koma gaba kaɗan. Balbela da shamuwa ne ke rasa gida. Waɗansu kan zuba magani a inda tsuntsaye ke shan ruwa. Guba ba ta tambayar suna. Tana kashe zalɓe, da kifi, da ɗan akuya, tana kuma iya kwantar da yaro.

Hanyar da ta fi ita ce a gano inda jan baki ke kwana. A gaya wa mai gari. A kai labari da wuri ga ma'aikatan gona masu kula da kare shuke-shuke. Ko feshin da suke yi yana kashe waɗansu tsuntsaye, don haka ba aikin kowa da kowa ba ne. Maƙwabtan gona kuma su riƙa shuka tare, su girbe da wuri. Gonar da ta rage ita kaɗai a tsaye, ita tsuntsu ke tarar wa.

ABIN DA KE KASHE TABKI

Babban maƙiyin tabki shi ne rairayi. Idan aka share itace da ciyawa har bakin ruwa, ruwan sama na kwaso ƙasa ya zuba ciki. Kowace shekara zurfin na raguwa. Tabkin da ke kai watan Janairu sai ya ƙafe a Nuwamba. Makiyayin da ya gangaro daga arewa bayan an saki gonaki sai ya tarar da taɓo. Daga nan sai a haɗu a bakin rijiya ɗaya, gardama ta tashi.

Na biyu shi ne magani. Wanke famfon feshi cikin tabki, da jefa kwalbar piya-piya a bakin ruwa, duk guba ne. Na uku shi ne ɗanko da tarko, da kwasar ƙwai da ƴaƴan tsuntsu daga sheƙa.

Hukuma ta yi nata tanadi. Doka mai lamba 98-07 ta ranar 29 ga Afrilu 1998 ta tsara sha'anin farauta da kare namun daji a Nijar. Ta hana farauta da guba. Akwai kuma yarjejeniyar kare tabkuna da fadamu, wadda ƙasashe suka sa wa hannu a garin Ramsar na ƙasar Iran a 1971. Nijar ta shiga cikinta a 1987. A watan Disamba na 2019 aka rubuta tabkin Madarunfa cikin wannan rajista, da faɗin hekta 524.

Amma ƙaramin tabkin bayan gari ba ya cikin rajistar kowa. Mai tsaronsa shi ne mai shan ruwansa. Manoman jihar Maraɗi sun riga sun nuna abin da suke iyawa. Bayan farin 1984 suka rungumi sassaben zamani, wato barin tohon itace a gona ana gyara shi. Ƙauyen Ɗan Saga na gundumar Agye ya yi suna a wannan aiki. An ƙiyasta itatuwa miliyan 200 sun tashi a kan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Abin da aka yi wa gona, ana iya yi wa bakin tabki. A bar taku 20 ko 30 ba noma. A bar toho ya girma. A bar burtali a buɗe don bisashe su shiga ta hanya ɗaya.

LITTAFIN TABKI

Kowace shekara, cikin watan Janairu, ƙasashen duniya na ƙidayar tsuntsayen ruwa. An fara wannan aiki a 1967. Ma'aikatan gandun daji na Nijar sun sha shiga cikinsa. Amma su kaɗan ne, tabkuna kuwa da yawa. Ba sa iya zuwa kowane ƙauye.

A nan ne karatu ke da rana. Duk wanda ya fito daga ajin yaƙi da jahilci yana iya buɗe littafin tabkin garinsu. Kayan aikin ba su da tsada: littafin rubutu ɗaya da fensir.

A je da sassafe ko da la'asar sakaliya. A zauna a gindin itace, rana na bayan mutum. Kada a sa farar riga mai ɗaukar ido. Kada a zo da kare. A yi shiru, tsuntsaye da kansu za su matso. In garke ya yi yawa, a ƙidaya 10, a dubi girman wurin da suka ci, sannan a auna sauran da ido goma-goma.

Abubuwan da ya kamata a rubuta su ne:

1. Ranar da aka ga shamuwar farko, da ranar ruwan shuka.
2. Yawan sheƙunan shamuwa a cikin gari, da itatuwan da suke kai.
3. Ranar da aka daina ganinta.
4. Sunayen tsuntsayen da ke tabki, da yawansu, sau ɗaya a mako.
5. Ranar da tabki ya ƙafe.
6. Lamba da rubutun duk zoben da aka tsinta, da rana, da wurin. A kai wa ma'aikacin gandun daji.

Tsuntsun da ba a san sunansa ba, a tambayi tsofaffi da mafarauta da makiyaya. Sun san sunaye da yawa da ba a taɓa rubutawa ba. In ba a rubuta ba, sunayen za su tafi tare da su.

Akwai gargaɗi guda. Idan aka tarar da tsuntsaye da yawa matattu a wuri ɗaya, kada a taɓa su, kada a ci, kada a bari kaji su je wurin. A sanar da likitan dabbobi nan take. Yana iya zama guba, yana iya zama murar tsuntsaye, irin wadda ta ɓulla a Magariya a watan Fabrairu na 2006. Rigakafi ya fi magani.

Littafin shekara ɗaya ba ya faɗin abu mai yawa. Na shekara 5 kuwa shaida ne. Zai nuna ko sheƙun shamuwa na ƙaruwa ko suna raguwa. Zai nuna ko tabki na ƙafewa da wuri fiye da da. Ranar da mai gari zai je wurin magajin gari neman a yashe tabki, ba da baki kaɗai zai je ba. Zai je da rana da wata da lissafi a rubuce.

Nan da ƴan makonni za a ɗaure dammuna, a cika rumbuna. Shamuwa za ta kama hanyar kudu. Baƙin arewa za su zauna har bazara, in akwai ruwan da zai riƙe su. Allah ya ba da kaka mai albarka, ya sa shamuwa ta komo ta tarar da itacenta a tsaye.